Kafin ka sayi gidan bakin titi

Jama'a, abu uku zan faɗa kan gidan da aikin faɗaɗa titi zai iya ci, in lokaci ya bar mu. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Na farko, awo. Mutum zai je ganin gida, ya tsaya bakin kwalta, ya ƙirga taku goma zuwa katanga, ya ce ai da sauran fili. Malam, kwalta ba ita ce iyakar hanya ba! Filin da hukuma ta keɓe wa hanya ya haɗa da lambatu, da wurin masu tafiya a ƙasa, da turakun lantarki, da bututun ruwa, kuma galibi daga tsakiyar titi ake auna shi. Daga tsakiya. Mai biro ya rubuta, daga tsakiya.

A ce fulotinka mita 15 ne faɗi, tsawo 30. Aka yanke mita 6 ta gaba. Ka ce saura 24, da sauƙi. Ina! Akwai kuma tazarar da dokar gini ta ce a bari tsakanin sabuwar iyaka da gini. Ka ga falo ya tafi, har da ramin masai in a gaba aka haƙa shi. (Dariya.) Ku yi dariyarku. Na taɓa ganin gidan da aka tsaga, ɗakin kwana a buɗe yana kallon motoci, ƙusar rataye riga tana nan a bango.

Saboda haka ka ɗauki safiyonka, wato mai awon fili, ba na dillali ba, ku je ofishin tsara gari a buɗe muku taswira. Dillali zai ce shekara 20 ana maganar faɗaɗa titin nan. Ƙila gaskiyarsa. Tsari yana iya daɗewa a durowa, ranar da kuɗi suka samu sai ka wayi gari da jan fenti a katanga.

Na biyu, diyya. Yawancin ƙasashe suna biya, amma mai takardar mallaka ake nema, kuma abin da ka gina ba izini ko bayan sanarwa da wuya a lissafa shi. Na huɗu... na uku ne? To, banki ma yakan ja baya da irin wannan gida in ka kai shi jingina.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya, in an karya masa farashi sosai fa? Hajiya, in abin da zai rage bayan yanka ya ishe ki, ki saya, gaban ma yana iya zama shaguna. Sai dai ki tambayi injiniya tsayin sabon titin. Sau da yawa cikowa ake yi a ɗaga shi, gidanki ya koma ƙasa, ruwan sama duk ya gangaro miki ƙofa. Akwai wani hannu can baya?