Amsoshin Tambayoyinku: Ɗana Yana Zuwa Na Ɗaya, Amma Ya Kasa Karanta Saƙon Waya

Mai gabatarwa: Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Bauchin Yakubu. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan jarrabawa suka faɗo, shi ya sa muka gayyato wani dattijo, tsohon hedimasta da ya yi ritaya yana sufeton makarantu. Allah ya gafarta Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai, 'yata. Bismillah.

Mai gabatarwa: Ta farko daga wata uwa ce a unguwar Jahun. Ta ce ɗanta yana aji huɗu na firamare, kuma kowane zango ko dai ya zo na ɗaya ko na biyu. Rannan ta miƙa masa waya ya karanta mata saƙon da ƙanwarta ta turo da Hausa, sai yaro ya yi zuru. Tana tambaya: takardar sakamakon ce ta yi ƙarya, ko yaron ne ya ji kunya?

Malam: Hajiya, mai yiwuwa takardar ba ta yi ƙarya ba, tambayar da take amsawa ce daban da taki. Na ɗaya yana nufin ya fi 'yan ajinsu maki. Idan ajin gaba ɗaya ba su iya karatu ba, dole dai a samu wanda ya zo na ɗaya a cikinsu. Sannan ki duba yadda ake jarrabawar. Malami ya rubuta a allo, yara su biya a bayansa har su haddace, ranar jarrabawa ya karanta musu tambaya da baki, su zaɓi A ko B. Yaro mai kaifin kunne zai cinye tas, alhali bai taɓa haɗa baƙi da wasali da kansa ba.

Kuma kada ki ɗauka a gidanki kaɗai abin yake. A 2013 an yi wani gwajin karatu na ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato, wanda ake kira EGRA. Ba takarda ake raba wa aji ba. Ana zama da yaro shi kaɗai, a ba shi haruffa ya faɗi sautinsu, a ba shi ɗan gajeren labari da Hausa ya karanta cikin minti ɗaya, sannan a tambaye shi abin da ya fahimta. Mafi yawan 'yan aji biyu ko kalma guda ba su iya karantawa ba. To duk waɗannan yara suna da takardun sakamako a gida, wasunsu da jan biro an rubuta musu yabo. Irin wannan bincike ne ya buɗe idon mahukunta, daga baya aka shigo da shirin Mu Karanta a jihohin biyu. Ni a nan nake ganin amfanin alƙaluma: sun tona abin da kowa ke rufa wa asiri.

Mu kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A makarantar allo ai ba a wanke wa almajiri allo sai ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai. Idan karatu bai zauna ba, ya koma ya sake. Kullum ana gwaji, ba a jiran ƙarshen zango, kuma wanda ya yi gwajin shi ne zai yi gyaran nan take. Saboda haka, Hajiya, ki samo rubutun da bai taɓa gani ba, ko na jikin kwalin magani ne da Hausa, ki zauna da shi ba faɗa ba tsawa. Ki lura inda yake tsayawa: a harafi ne, ko wajen haɗa gaɓa? Da wannan za ki je wurin malaminsa, cikin mutunci.

Mai gabatarwa: Madalla. Sai wani malamin sakandare daga Misau. Ya ce mai makarantarsu ya kafa doka cewa ƙarin albashi ya dogara ga yawan ɗaliban da suka samu kiredit biyar a WAEC da NECO, har da Turanci da lissafi. Wai ko wannan adalci ne?

Malam: Malam, a ganina ba adalci ba ne, kuma ko shi mai makarantar zai cutu. Akwai wani masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, da ya lura tun 1975 cewa da zarar an ɗora lada ko hukunci a kan wani ma'auni, ma'aunin yakan lalace, domin mutane za su koma yi wa lambar aiki. Amurka ta ɗanɗana. Dokarsu ta 2002 ta ɗaura makomar makarantu a kan makin gwaji, sai ga shi a birnin Atlanta bincike ya gano malamai suna goge amsoshin yara suna gyarawa. Rahoton 2011 ya ambaci malamai da shugabanni 178 a makarantu 44, kuma a 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Can ke nan, inda ake da kayan aiki.

A nan kuwa mun san hanyoyin. A daina koyar da duk abin da ba ya fitowa, a koma bitar tsofaffin tambayoyi tun daga aji biyar. A hana masu rauni rajista don kada su ɓata lissafi. Ƙarshenta a kai ga satar amsa. Shi ya sa in na ga kyalle a ƙofar makaranta an rubuta kashi ɗari bisa ɗari sun ci, tambayata ita ce: nawa ne suka shiga aji huɗu, nawa ne suka zauna jarrabawar? Mudu yana gaya maka yawan hatsi, amma ba ya gaya maka ko akwai tsakuwa a ciki. In dai dole sai an auna malami, a duba inda ya tarar da yaran da inda ya kai su, a kuma shiga ajinsa a ga yadda yake koyarwa.

Mai gabatarwa: Ga wani matashi daga Kumo a jihar Gombe. Ya samu 187 a JAMB, mahaifinsa ya ce ba shi da ƙwaƙwalwar boko, gara ya kama sana'a.

Malam: Ɗana, sana'a ba abin raini ba ce, amma kada 187 ya yanke maka hukunci. Jarrabawar nan tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, a kan kwamfuta, maki 400. An kafa hukumar a 1978 don raba guraben jami'a, domin masu nema sun fi kujeru yawa. Aikinta tacewa. A sakamakon farko na 2025, cikin fiye da mutum miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. A shekarar ce ma shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amince an samu matsalar na'ura, aka sake wa kusan mutum 380,000 jarrabawa a Legas da kudu maso gabas. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar, rabin hankalinsa yana kan madannai.

Sai dai ba zan yi maka daɗin baki ba. Ka duba makin darasi-darasi. Idan Turanci ne ya ja ka ƙasa, wannan saƙo ne na gaskiya, kuma jami'a ba za ta ɗaga maka ƙafa a kai ba. Ka gyara ka sake, ko ka duba kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha. Alhaji kuma, don Allah a sassauta wa yaro.

Mai gabatarwa: Lokaci na hararar mu, Malam, amma ga ta ƙarshe a taƙaice. Wani hedimasta daga Ningi ya ce kowace shekara suna cike fom na ƙidayar makarantu, bai ga amfaninsa ba.

Malam: Na san gajiyar, abokin aiki. Amma da wannan ƙidaya ake tsara rabon malamai da littattafai da kujeru, kuma makarantar da ba ta cikin lissafi ba ta cikin kasafi. Ka cike da gaskiya, kada ka ƙara ko mutum ɗaya. Sannan ka ajiye naka lissafin a ofis: yara nawa ke zuwa ranar kasuwa, nawa ke ɓacewa da damina in an shiga noma. Fom ba ya tambayar wannan, amma da shi za ka zauna da mai unguwa da kwamitin iyaye ku san gidajen da za a bi.

Mai gabatarwa: Mun gode, Allah ya ƙara girma. Masu saurare, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.