Jawabin maraba ga Mai Girma Gwamnan Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, daga bakin wakilin Hausawa masu haƙar zinari a Tcholliré

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Gwamna, ranka ya daɗe, da tawagarka, wakilin Mai Martaba Lamiɗon Rey Bouba, Allah ya ƙara masa lafiya, hukumomin Mayo-Rey, malamai, iyayenmu mata, matasa. A madadin Sarkin Hausawa da duk masu cin abinci a bakin rami, muna yi maka barka da zuwa. Ka sha hanya daga Garwa, sannu da gajiya. Dattawa sun ce in faɗa maka, zuwanka da ƙafarka ya fi mana wasiƙa daɗi.

Ranka ya daɗe, ba za mu ɓata sunan zinari a gabanka ba. Da shi aka aurar da 'ya'ya, aka yi rufin kwano, wasu har sun sauke farali. Abin da ya tara mu shi ne abin da ake bari a baya idan jijiyar zinarin ta ƙare. Masu haƙa su kwashe kaya su ƙara gaba, rami ya zauna baki buɗe. Damina ta zo ta cika shi, ciyawa ta rufe gefensa. Saniyar Bafulatani ta faɗa, yaron da ya je wanka ya faɗa. Gonar da aka tone kuwa ba ta sake ba da gero, domin ƙasar kirki ta koma ƙarƙashin tsakuwa.

Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne zaiba, ruwan ƙarfen nan mai guba. Ana cuɗa ta da garin dutse ta kama zinari, sannan a ƙona curin a kan garwashi, sau da yawa a tsakar gida inda mai goyo take girki. Hayaƙin yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, jariri a ciki ma bai tsira ba. Ragowar ta bi ruwan wanki zuwa kogin Mayo Rey, daga nan sai Binuwai da tafkin Lagdo, inda take taruwa a jikin kifi. Kifin nan shi ake kaiwa kasuwannin Garwa, har teburin manya. Mun ji abin da gubar dalma ta yi wa 'yan'uwanmu a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu saboda ana daka dutsen zinari a cikin gidaje. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba mu zo neman sabuwar doka ba. Kamaru tana cikin Yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba. Dokar ma'adinai ta 2016 ta tanadi asusun gyara da rufe wuraren haƙa, an kuma sabunta dokar a Disambar 2023. Roƙonmu, kuɗin wannan asusu ya iso Mayo-Rey, kuma kada a ba kowa sabon fili sai ya cike wanda ya tona. Jamus ta rufe mahaƙar kwal ɗinta ta ƙarshe ta ƙarƙashin ƙasa a 2018, amma har yau ana zuƙe ruwa daga tsofaffin ramukan don kada ya gurɓata na sha. Ƙasa mai arziki kenan. Mu da muke sha daga rijiya mun fi ta buƙatar wannan kulawa. Matasanmu a shirye suke, su suka san inda kowane rami yake. A ba su aikin cikewa da dashen itatuwa, a biya su.

Sai maganar wuta. Injinan niƙa dutse da na jan ruwa gas suke sha, gidaje kuma gawayi, dajin da ke kewaye da mu yana ta ja da baya. Madatsar Lagdo mai megawat 72 ta sha gazawa idan ruwa ya yi ƙasa. Amma mun ga tashoshin hasken rana na garuruwan Marwa da Gidar, waɗanda suka fara da megawat 30, suna aiki. Ranar da ke can ita ce a nan. A kafa mana wurin sarrafa dutse guda a bayan gari, mai aiki da sola, da teburan tace zinari da ruwa ba tare da zaiba ba, a koya wa mutanenmu. Mai haƙa zai saki zaiba ranar da ya ga ribarsa ba ta ragu ba.

Bayan taro, idan lokaci ya ba ka dama, muna so ka taka zuwa ramukan da ke kusa, masu gonakin suna jiranka a can. Allah ya ja zamaninka, ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.