Lacca: Daga Ina Kalmar "Luddite" Ta Fito?

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

A Ingila ko Amurka, idan mutum ya ƙi riƙe babbar waya, ko ya ce shi da intanet haihata-haihata, sai a kira shi Luddite, wato mai gudun na'ura. Yau da zolaya ake faɗa, amma tarihin sunan akwai jini a cikinsa.

Ana ba da labarin cewa a 1779 wani yaro mai koyon saƙa, Ned Ludd, a ƙauyen Anstey kusa da Leicester a Ingila, ya fusata ya farfasa injinan saƙar safa guda biyu. Masana tarihi da dama na ganin almara ce, sunan dai ya zauna. A watan Maris na 1811 masaƙa suka fita cikin dare a garin Arnold, kusa da Nottingham, suka ragargaza injina da guduma. Wasiƙun gargaɗin da suka riƙa aika wa masu masaƙu kuwa da sa hannun "Janar Ludd" suke zuwa.

To, ku saurara da kyau, don a nan ne nake ganin an zalunci mutanen nan. Inji ba baƙonsu ba ne. Tun 1589 William Lee ya ƙirƙiro injin saƙar safa, kuma da shi suke ci suke sha. Abin da ya tunzura su, iyayen gidansu sun koma saƙa ƙyalle mai faɗi, a yanka, a ɗinke, a ce safa ce, kafin a daɗe ɗinkin ya warware. Suna ɗaukar yaran da ba su gama koyo ba, suna zabge lada. Ga yaƙi da Napoleon, sarkin Faransa, ya durƙusar da ciniki, ga burodi ya yi tsada. Sau da yawa masaƙan kan tsallake injin wanda ke biyan lada daidai, su je su fasa na maƙwabcinsa.

Gwamnati ta jibge sojoji, a 1812 kuma majalisa ta yi dokar kisa ga duk wanda ya fasa irin wannan inji. Bayan an harbe wani mai masaƙa, William Horsfall, kusa da Huddersfield, aka zauna shari'a a York a Janairun 1813, aka rataye mutum 17.

Sai a ƙarni na 20 aka fara liƙa sunan ga duk wanda ke ƙyamar sabuwar fasaha. Mai tambaya ya ɗaga hannu.