Darasin Girki: Songpyeon, Abincin Bikin Kaka na Koriya

Assalamu alaikum uwargida, barkanmu da war haka. Yau madambaci za mu ɗora, amma ba dambu za mu turara ba. Koriya muka nufa, za mu yi songpyeon, kwaɓin garin shinkafa ne mai riɗi da zuma a ciki, a siffar rabin wata, da suke turarawa a bikin kakarsu.

A can, ranar 15 ga watan takwas a lissafinsu na wata, wajen Satumba ko farkon Oktoba, ake bikin kaka da suke kira Chuseok. Hutun kwana uku ake yi a Koriya ta Kudu. Mutanen Seoul, babban birninsu, su kwasa zuwa garuruwan iyayensu, hanya ta cushe kamar jajibirin Sallah, a share kaburburan kakanni, a girka sabuwar shinkafa. A wannan daren ne China da Vietnam ke nasu bikin, Japan ma tana kallon wata.

To, ga garin shinkafa kofi biyu, an jiƙa, an niƙa, an tankaɗe. Sa gishiri kaɗan. Ruwan kwaɓi kuwa tafasasshe za ki zuba, cokali-cokali. Garin shinkafa ba shi da danƙo irin na fulawa, zafin ruwan ne ke haɗa shi. Ni ranar da na fara, ruwan sanyi na zuba don gaggawa, kowanne ya buɗe baki a tukunya, zumar ta tsiyaye. Ki murza har ya yi laushi kamar fatar kunne, ki rufe da ɗanyen tsumma.

Kafin ya huta, bari ki ji asalin bikin. Littafin tarihinsu, Samguk Sagi, na shekarar 1145, ya ce Sarki Yuri na daular Silla ya raba matan birni gida biyu, aka yi wata guda ana gasar saƙa. Ranar 15 aka auna, waɗanda aka kayar su suka ciyar da masu nasara, aka kwana ana rawa. Kin ga, girkin ma tara ce aka ci wasu!

Yanzu soyayyen riɗi, ki daka shi sama-sama, ki haɗa da zuma. Gutsuro kwaɓin kamar girman goro, ki yi masa rami da babban yatsa, ki zuba rabin ƙaramin cokali, ki matse bakin. Duba hannuna, rabin wata ya fito.

Nan ne suka bambanta da maƙwabtansu. Kek ɗin da 'yan China ke ci a nasu bikin kewayayye ne kamar cikakken wata, gasawa ake yi, wani da gwaiduwar ƙwan agwagwa mai gishiri a tsakiya. 'Yan Koriya kuwa sukan ce watan da ya cika raguwa ta rage masa, rabi shi ne mai gaba. Kakanninsu mata har tsokanar 'yan mata suke yi, wai mai kyakkyawan songpyeon kyakkyawar ɗiya za ta haifa. Nawa dai, a bar maganar.

Su 'yan Koriya ganyen wani itace suke shimfiɗawa a madambaci, siriri kamar allura, da sunansa ma ake kiran abincin, don ƙamshi da hana mannewa. Mu ganyen ayaba ya wadatar. Jera su, kada su taɓa juna, rufe madambaci minti 20. Idan kin sauke, ki tsoma su a ruwan sanyi ki tsame nan take, ki shafe su da man riɗi. A ci da ɗuminsu, don idan suka kwana tauri suke yi.