Berlin: Ganuwar da Aka Gina Don Kada 'Yan Gari Su Fita

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

Mu nan da an ce Berlin, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne taron da shugaban gwamnatin Jamus Bismarck ya kira a 1884, inda ƙasashe 14 suka tsara yadda za a yi wa Afirka rabon ganima. Wannan kun sha ji a aji. Yau abin da ya samu birnin kansa za mu duba.

A watan Mayun 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka ci Berlin, gari ya zama kufai. Waɗanda suka yi nasara suka raba Jamus kashi huɗu: Amurka, Ingila, Faransa da Sobiyet. Berlin ma haka suka yi mata. Amma ku lura da inda gizo ke saƙa. Birnin yana can tsakiyar kason Sobiyet, wato unguwannin da Turawan Yamma ke riƙe da su tsibiri ne a cikin ƙasar abokin hamayya. A Yunin 1948 shugaban Sobiyet Stalin ya toshe hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa, yana ganin yunwa da sanyi za su sa mutum miliyan biyu su miƙa wuya. Sai Amurka da Ingila suka koma sama. Kusan wata goma sha ɗaya jiragen sama na sauke gawayin kwal da fulawa, kayan da suka haura tan miliyan ɗaya, har Stalin ya haƙura ya buɗe hanya a Mayun 1949. A shekarar ne Jamus ta zama ƙasa biyu, ta Yamma ta kai gwamnatinta Bon.

Iyakar ƙasashen biyu an tsare ta, amma cikin Berlin mutum zai hau jirgin ƙasa a Gabas, bayan 'yan tashoshi ya sauka a Yamma, shi ke nan ya tsira. Daga 1949 zuwa 1961 mutum fiye da miliyan biyu da rabi suka bar Jamus ta Gabas. Kuma ba tsofaffi ba ne: likitoci ne, injiniyoyi, malaman makaranta, matasa masu sana'a.

Daren 13 ga Agustan 1961 aka shimfiɗa waya mai ƙaya, daga baya aka bi da kankare, kilomita 155 kewaye da Berlin ta Yamma. Ku dubi ganuwar Kano ko ta Zariya: an gina su ne don kada mahara su shigo. Gwamnatin Gabas ma abin da ta faɗa wa duniya ke nan. Sai dai masu gadin nan bindigoginsu 'yan gida suke kallo. A ganina gwamnatin da ta kai ga kulle jama'arta ta riga ta amsa cewa ta kasa, ko da bakinta bai furta ba.

Akwai titin da ake kira Bernauer. Gidajen gefe ɗaya na Gabas ne, amma dandamalin ƙofar gidan na Yamma ne. Mutane suka riƙa dirowa ta taga, 'yan kwana-kwana na tare su da raga, har hukuma ta zo ta toshe tagogin da bulo. A Agustan 1962 aka harbi wani yaro magini, Peter Fechter, ɗan shekara 18. Ya faɗi a gindin katanga yana kiran taimako kusan awa guda, ana kallonsa daga ɓangarorin biyu, har rai ya yi halinsa. Aƙalla mutum 140 ne suka mutu a katangar nan.

Faɗuwarta kuwa da subul da baka ta zo. Shugaban Sobiyet na lokacin, Gorbachev, ya riga ya nuna ba zai turo tankoki ba, jama'a na ta zanga-zanga a birnin Leipzig na Jamus ta Gabas. Ranar 9 ga Nuwamban 1989 kakakin jam'iyya mai mulki, Günter Schabowski, ya karanta wa 'yan jarida sabuwar dokar tafiye-tafiye da bai gama nazarinta ba. Aka tambaye shi yaushe za ta fara aiki. Ya juya takardu, ya ce nan take. Kafin tsakar dare dubban mutane sun cika mashigar Bornholmer, jami'in da ke wurin ya rasa mai ba shi umarni, ya ɗage shinge.

An haɗe Jamus ranar 3 ga Oktoban 1990, amma komawar gwamnati Berlin sai da aka kai ruwa rana. A Yunin 1991 majalisa ta kaɗa ƙuri'a, Berlin ta samu 338, Bon 320. Majalisar ba ta tare ba sai 1999, kuma har gobe ma'aikatu shida babban mazauninsu na Bon, garin da masu sauraron Sashen Hausa na DW suka saba jin sunansa.

Shugaban taro na nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu a kai masa abin magana.