Lensin farin ido bayan aikin ɗaure tantani: lacca a Kaduna

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa.

Na farko, a cutar keratokonas, tantanin nan garai-garai da ke gaban baƙin ido shi ne yake sirancewa, ya turo gaba ya yi tsini kamar malfa, har tabarau ya kasa gyara gani. Aikin ɗaure shi, wato kuros-linkin, likitocin Dresden ta Jamus ne suka bayyana shi a 2003: a kankare fatar saman tantanin, a ɗiga bitamin B2 minti 30, a haska hasken UVA, wani nau'in haske da ido ba ya gani, minti 30. Birki ne yake taka wa cutar. Tsinin yana nan. Shi ya sa mutum yake dawowa yana cewa likita, an yi min aiki amma har yanzu fitilar mota biyu-biyu nake gani. Nan lensin farin ido, wato ɗan gilashin gyaran gani da ake ɗorawa a kan ido, yake shigowa, bayan fatar ta warke, hazon da aikin ke bari a tantanin ya lafa, awo ya daina canzawa. Galibi wata ɗaya zuwa uku, likitanka ne zai yanke.

Wannan lensi faɗinsa milimita 15 zuwa 18. Ƙafarsa a kan farin ido take, ya yi wa tantanin rumfa ba tare da ya taɓa shi ba. Ranar gwaji ana barin tazarar maikiron 200 zuwa 300 tsakanin lensin da tantanin (maikiron dubu ne milimita ɗaya), domin cikin 'yan sa'o'i yana nitsewa kamar maikiron 100.

To, ga inda nake so ku kasa kunne, ruwan! Ruwan da ke cikin rumfar nan shi yake cike kwazazzaban tantanin, gani ya washe. Ruwan gishiri ne na asibiti, wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, domin yini zai yi kwance a kan idonka. Ka wanke hannu, ka tsane shi sarai. Ka ɗora lensin a kan 'yar robar riƙewa, ka cika shi maƙil, har ruwan ya yi tozo. Maƙil na ce! Ka sunkuya, fuskarka na kallon tebur kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ka buɗe fatar ido da yatsu, ka kai shi. In ka ga kumfa, kada ka ce za ta tafi, ba za ta tafi ba. Cire ka sake cikawa. Ruwan famfo, ruwan leda, ruwan rijiya, kada ɗayansu ya taɓa lensin. Akwai ƙwayar akantamiba a ruwa, tana cin tantani, maganinta wuya gare shi ainun.

Na huɗu, au, na nawa muke? Kada a kwana da lensin a ido. In gani ya dushe da rana, a cire a sake ruwa. Murzar ido kuma, musamman yaranmu masu ƙaiƙayin ido da hunturu, a nema musu magani, murza tana tura cutar gaba.

Na'am Hajiya? Ko sai an cire lensin kafin alwala? Kin kyauta da tambayar nan. Ba sai kin cire ba. Ki runtse ido lokacin wanke fuska, ki goge gashin ido kafin ki buɗe. In ruwan ya shiga, cire lensin, ki wanke da maganinsa. Kwalli kuma kada ya hau bakin fatar ido ta ciki, yana shiga ruwan ya gurɓata shi. Ido ya yi ja, yana zafi, yana gudun haske, ki cire nan take ki tafi asibitin ido a ranar, ki tafi da lensin da mazubinsa.