Fodkas: Yadda matuƙan jiragen Amurka suka samu ƙarin albashi ba tare da sun yi yajin aiki ba

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Binta, ga Aminu a gefena, ga kuma Baba Sani da muka ɗauko musamman saboda zancen yau na ƙwadago ne. Baba, barka da zuwa.

Baba Sani: Barka kadai 'yata. Ai da na ji abin da za ku tattauna ban tsaya jiran a sake kira ba.

Binta: Aminu, kai ka kawo maganar, fara mana.

Aminu: To Yaya Binta, ranar 1 ga Maris 2023 matuƙan jiragen kamfanin Delta, su wajen 15,000, suka amince da sabuwar yarjejeniya: ƙarin albashi kashi 34 cikin ɗari a shekara huɗu, kashi 18 daga ciki nan take. Kuɗin da abin zai ci wa kamfanin ya haura dala biliyan 7. Abin da ya tsaya mini a rai, ko kwana ɗaya ba su yi yajin aiki ba.

Baba Sani: Tsaya ɗana. Ba su yi ba, ko ba a bar su sun yi ba?

Aminu: Baba ka taɓo wurin. A watan Oktoban 2022 sun kaɗa ƙuri'a, kashi 99 cikin ɗari suka ce a shirye suke su tafi yajin. Amma doka ta ɗaure su. Akwai wata tsohuwar doka ta 1926 da aka yi don ma'aikatan jirgin ƙasa, a 1936 aka shigar da jiragen sama ciki. A ƙarƙashinta yarjejeniya ba ta mutuwa don wa'adinta ya cika, ana ci gaba da aiki da ita har a yi sabuwa. In tattaunawa ta cije, sai hukumar sasanci ta tarayya ta shigo, kuma ita kaɗai ke da ikon cewa sulhu ya gagara. Ko ta faɗi haka sai an jira kwana 30. Bayan nan ma shugaban ƙasa yana iya tsoma baki.

Binta: An taɓa yin hakan?

Aminu: An yi. A Fabrairun 1997 matuƙan American Airlines sun fara yaji da tsakar dare, cikin 'yan mintuna Shugaba Bill Clinton ya dakatar da shi. Yajin matuƙan jiragen fasinja na ƙarshe da aka gani a Amurka shi ne na kamfanin Spirit a 2010.

Baba Sani: Wannan dokar ni ba ta kwanta mini ba. Na yi shekara da shekaru ina wakiltar ma'aikata a wata masaƙa a Kaduna, na san abin da jinkiri ke yi wa talaka. Muna zaune da manajoji, an kawo shayi, an buɗe fayil, sai babbansu ya duba agogo ya ce a ɗage zuwa mako mai zuwa. Shi albashinsa na tafiya. Ni kuwa in na fito, mutane na tsaye a bakin ƙofa cikin rana suna kallon fuskata, tun kafin in buɗe baki sun san ba labari. Duk dokar da ta ce a ci gaba da tsohon albashi har sai an daidaita, ta ba mai kamfani dalilin jan ƙafa.

Aminu: Haka aka yi kuwa. Tun 2019 Delta suka fara zama, korona ta zo aka dakatar, sai farkon 2022 aka koma. Shekara huɗu babu ƙarin ko sisi, ga tsadar kaya.

Binta: To in ba yaji, da me suka matsa wa kamfanin?

Aminu: Kin ga hotunan da suka yi ta yawo a damunar 2022? Ɗaruruwan matuƙa a ranar hutunsu, kowa cikin kakinsa, farar riga, hula, igiyoyi a kafaɗa, sun yi layi ɗaya a gaban filin jirgin Atlanta da wasu biranen. Ba ihu, ba waƙa, kowa riƙe da kwali, suna tafiya a hankali fasinja na wucewa yana karantawa. Jirage na tashi yadda suka saba, amma mai sayen tikiti ya fara tunanin ko ya nemi wani kamfanin.

Baba Sani: Kwali kaɗai ba ya sa attajiri ya buɗe jaka. Akwai abin da ke ƙasa.

Aminu: Akwai, Baba: ƙarancin matuƙa. Lokacin korona gwamnati ta ba kamfanonin jirage tallafin dala biliyan 54 don kada su kori ma'aikata, amma sun lallaɓa manyan matuƙa suka yi ritaya da wuri. A Delta kaɗai kusan 1,800 suka tafi. Da fasinja suka dawo, ba mai tuƙi. Kuma matuƙi ba direban da za ka ɗauko a tasha ba ne. Doka ta ce in ya kai shekara 65 ya sauka, sabon shiga kuwa galibi sai ya tara awa 1,500 a sama kafin ya zauna ko a kujerar mataimaki.

Binta: Wannan awa 1,500 ɗin na san asalinta, kuma ita ce ta sauya mini tunani a kan batun nan gaba ɗaya. A Fabrairun 2009 jirgin wani ƙaramin kamfani, Colgan Air, ya faɗi kusa da Bafalo a jihar Niyok, mutum 50 suka rasu. Da aka yi bincike aka ga mataimakiyar matuƙin 'yar shekara 24 ce, albashinta na shekara wajen dala 16,000. Tana zaune da iyayenta a can Siyatil, gabar yamma, ta kwana tana bin jiragen kaya don ta iso wurin aiki a gabar gabas. Ka duba, wadda aka damƙa wa rayukan mutane, a kan kujerar ɗakin ma'aikata take runtsawa. Masu bincike sun ɗora hatsarin a kan kuskuren kyaftin, amma maganar gajiya da ƙarancin albashi ta fito fili, iyalan mamatan suka dage har majalisa ta yi doka.

Baba Sani: Allah ya jiƙan rai. Shi ya sa nake jin zafi in aka ce ma'aikaci kwaɗayi ne ke damunsa. Rabin abin da ake faɗa a teburin nan ba kuɗi ba ne, lokaci ne: yaushe zan kwana a gidana, wa ke da ikon sauya mini ranar aiki.

Aminu: Matuƙan Delta ma abin da suka rubuta wa fasinjoji ke nan a 2022, cewa aikin bayan lokaci da za su yi a shekarar zai wuce na 2018 da 2019 a haɗe.

Binta: Amma ni ina da tambaya. In ana nemansu haka, me ya hana wanda bai ji daɗi ba ya koma wani kamfanin?

Aminu: Jerin girma, Yaya. Komai na matuƙi yana bin ranar da aka ɗauke shi: irin jirgin da zai tuƙa, hutunsa, lokacin da zai zama kyaftin. Kyaftin mai shekara 20 in ya sauya kamfani, ƙasan layi zai koma a matsayin mataimaki. Shi ba ya iya tafiya, kamfani ba ya iya maye gurbinsa.

Baba Sani: Zaman dole ke nan, kamar harshe da haƙori. To sauran kamfanonin fa?

Aminu: Nan ne abin ya burge ni. A 2022 shugabannin ƙungiyar matuƙan United sun kawo tayin da bai kai kashi 15 ba, a watan Nuwamba mambobi kashi 94 cikin ɗari suka yi fatali da shi.

Baba Sani: Madalla! Shugaban ƙungiya ɗan aike ne. Ranar da na taɓa kawo takardar da mutanena suka ƙi, na ji kunya, amma da na koma teburin na fi ƙarfi, don manajoji sun ga ba ni kaɗai za su shawo ba.

Aminu: Su ma haka. Da Delta ta sa farashi, United ta koma ta ba da har kashi 40, kimanin dala biliyan 10, aka amince a Satumban 2023. American ta riga ta daidaita da nata matuƙan, da suka ga na United suka ce a sake zama, dole aka ƙara har ya kai dala biliyan 9.6. Southwest ta biyo a Janairun 2024 da kusan kashi 50 cikin shekara biyar.

Binta: Ni dai ba zan ɓoye ba, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kuɗin nan daga aljihun fasinja zai fito. Manyan kamfanoni kuma sun kwashe matuƙan ƙanana, har wasu ƙananan garuruwa jirgi ya daina zuwa. Sannan ga masu hidima a cikin jirgi, galibi mata, da suka daɗe ba a fara lissafa musu awa sai an rufe ƙofa. Duk ɗawainiyar shigar da fasinja da jera jakunkuna a kyauta. Su ba a yi musu gaggawar da aka yi wa matuƙa ba.

Baba Sani: Gaskiyarki, 'yata, kuma dalilin mai ɗaci ne: ana iya horar da madadinsu cikin makonni. Amma ban yarda laifin matuƙa ba ne. Da suka samu, ai sauran sun sami abin nunawa a tebur.

Aminu: Masu hidimar American sun samu tasu yarjejeniyar a Satumban 2024, har da kuɗin lokacin shigar fasinja.

Binta: Bayan shekara nawa ana jira?

Aminu: Fiye da biyar ba ƙari.

Binta: To ka ji. Ta matuƙan Delta yaushe wa'adinta zai cika?

Aminu: Ƙarshen Disambar 2026.

Binta: Allah ya kai mu. Baba, mun gode ƙwarai, a gaida su Mama.

Baba Sani: Za su ji. Allah ya yi muku albarka.